Ɗaurin Rufin Malam Zira

"Yaya ka gani?" Malam Zira ya tambaya daga ƙasa, hannuwansa biyu riƙe da tsani.

Yazid yana can saman tsanin. Kansa da kafaɗunsa suna cikin ƙofar silin, zafin kwano yana dukan ƙeyarsa kamar an buɗe bakin tanda. Ya haska tocila, ba don yana neman wani abu ba. Ya san abin da zai gani. Ramuka goma sha biyu a saman bango, kowanne da ɗan zoben koren fenti a bakinsa, ciki babu komai. Katakon da ke ɗauke da rufin yana zaune a kan bango haka nan kawai, kamar hula a kan mai gyangyaɗi.

"Yazidu. Ko ɓera ya cinye ka ne?"

"Ina dubawa, Baba."

"Rabu da kwano. Kwano ba ya tafiya shi kaɗai. Waya nake so ka taɓa da hannunka. Goma sha huɗu ne, bakwai gabas, bakwai yamma. Kowanne ya bi ta cikin bango, ya hau kan katako, an murɗe shi."

"Na sani, Baba."

Ya sani kuwa. Biyu ne suka rage, na kusurwar da ke kusa da ƙofa, waɗanda tsatsa ta cinye murɗinsu har filaya ta kasa kwancewa. Ya miƙa hannu ya ja ɗaya ya saki. Wayar ta yi ƙara, tin, kamar tsirkiyar garaya.

Tsohon ya yi dariya. "Ka ji muryarsa? Shekara ashirin da huɗu ke nan. Saura fa?"

Yazid ya ja ta biyun.

"Saura fa?"

Gumi ya gangaro ya shiga idonsa. Daga sama yana ganin tsakiyar kan tsohon malaminsa, furfura fari fat, fuska a ɗage, idanun da farar yana ta rufe suna kallon gefen da ba nan yake ba. Ya kashe tocilar.

"Duk suna nan, Baba. Lafiya lau."

"To, sauko kafin ka dahu."

Abin ya faru ne a watan Janairu. Da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi a ƙarshen Oktoba, kowa ya kama hanyar da ƙafarsa ta ba shi. Yazid ya ja mahaifiyarsa, Inna Safiya, suka bi ta gonakin Bahuli da ƙafa, daga nan suka faɗa wata motar shanu zuwa Yola. Wata biyu da rabi suka yi a barandar wani ɗan'uwa. Da suka dawo Sabon Layi, suka tarar wani abu ya faɗo a tsakar gidansu ya yaye rabin rufin ɗakin Inna. Yazid kafinta ne tun da ya gama sakandare, aikin bai gagare shi ba. Ya tsince kwanon, ya miƙe tsofaffin ƙusoshi da guduma. Waya ce babu. Shagunan masu kayan gini wasu a ƙone, wasu a kulle, masu su ba su dawo ba.

Gidan Malam Zira kuwa, da ke fuskantar nasu, a buɗe yake. An ɓalle ƙofa tuntuni, an kwashe katifa da rediyo har da tukwane. Labari ya gama layi cewa tsohon ya mutu a hanyar Kamaru. Wani ma ya rantse ya ga gawarsa a bakin wani mayo, wato rafi. Yazid ya shiga da niyyar neman ƙusa. Ya leƙa silin, ya ga waya mai kauri, an shafe ta da koren fenti, ko tsatsar kirki ba ta yi ba. Ya ce a ransa, matacce ba ya buƙatar rufi. Yini guda ya yi yana kwancewa, ya kai ya ɗaure rufin Inna da ita.

A tsakiyar Maris wani keke napep ya tsaya a bakin layi. Malam Zira ya sauko da sanda da jakar leda mai ratsi-ratsi, ya rame, yana lalubar ƙasa da ƙafa. Ashe ya tsallaka duwatsu zuwa Kamaru, ya zagayo Yola wurin 'yarsa Lidiya, ya ƙi zama. Inna ta fashe da kuka a bakin ƙofa.

"Baban Lidiya, ai mun yi maka zaman makoki."

"Kun ci shinkafa na sadaka?" ya ce. "To ku dawo mini da rabona."

Tun daga ranar, kwanon tuwonsa daga tukunyar Inna yake fitowa, Yazid ke kai masa.

Da ya faɗa masa a makon farko, da an wuce wurin. Amma makon farko shi ne makon Gabdo. 'Yan banga suna bi gida-gida, duk wanda aka samu da kayan wani, sunansa ɗaya. An samu kan keken ɗinki na wata maƙwabciya a ƙarƙashin gadon Gabdo, abokin karatun Yazid. Gabdo ya ce ajiye mata ya yi. Aka jefa shi bayan mota. Uwarsa har yanzu tana zuwa bakin shingen sojoji kowace Litinin tana tambaya. Yazid ya kalli rufin Inna, wanda ba shi da silin, koriyar waya a fili kamar shaida a gaban alƙali, ya yi shiru. Daga baya tsoron 'yan banga ya ragu. Kunya ta gaje gurbinsa, ita kuwa ba ta raguwa.

Bazara ta kama. Zafi ya kwanta a kan gari, kwano yana ƙas-ƙas da tsakar rana, kaji suna buɗe baki a inuwa. Kullum bayan la'asar Malam Zira yakan fito da kujerarsa ta roba ƙarƙashin dogon yaro, ya kira Yazid.

"F9, zo ka ara mini ido. Gabas yaya?"

Shekara talatin ya yi yana koyar da labarin ƙasa. Yazid ya faɗi darasinsa warwas a jarrabawar ƙarshe, sunan ya bi shi.

"Akwai hadari a kan duwatsu."

"Wannan, akuya ma ya sani. Kansa yaya?"

"Ya yi tsawo. Samansa ya baje."

"Kamar maƙera?"

"Kamar maƙera."

"Yawwa." Tsohon ya gyara zama, ya ɗaga tafin hannu yana jin iska. "Ka ji zafin nan da yake cin mu tun safe? Ba ya ɓata. Ƙasa ya sha, mayo ya sha, ganye ya sha, duk suna fitar da tururi. Tururi ya hau sama da zafin a cikinsa. Can sama sanyi ya kama shi, ya koma ruwa, sai ya amayar da zafin da ya haɗiya. Zafin ya sake tura iska sama. Na ƙasa ya biyo. Haka yake ta hawa, yana ciyar da kansa da kansa. Ka tuna jirgin da ya yi ta sakin bam a bayan gari? Haɗa duk abin da ya saki, hadari ɗaya na la'asar ya fi shi ƙarfi."

Inna, da ke tsince shinkafa a bakin zaurensu, ta ce, "Malam, ikon Allah dai."

"Maman Yazid, na ce ba ikon Allah ba ne? Ina gaya masa yadda Yake yi ne."

Ya laluba aljihu ya ciro fensir, ya sa shi a kwance tsakanin tafukansa.

"Duba nan. Iska na ƙasa yana zuwa daga yamma. Na sama yana zuwa daga gabas." Ya tura hannu ɗaya gaba, ya ja ɗaya baya. Fensirin ya mirgina. "Na tsakiya ya fara naɗewa kamar tabarma. A kwance yake, ba ya cutar kowa. Sai iskan da yake hawa ya zo ya ɗaga shi, ya tsayar da shi." Ya miƙar da fensirin tsaye, yana murza shi. "Yanzu hadarin da kansa yana juyawa. Idan ya matse, ya ƙara gudu, sai ya sako wutsiya ƙasa. Ba ƙaramin guguwa na rani ba, da yara suke bi suna cewa aljanu. Wancan daga ƙasa yake tashi, leda kawai yake ɗauka. Wannan daga sama yake saukowa. A littafi tonado muke kiransa. Shekara talatin ina zana shi a allo, ban taɓa ganinsa ba."

"Allah ya sa kada ka gani," in ji Inna.

"Ai addu'arki ya karɓu tun bara," ya ce, yana nuna idonsa.

Suka yi dariya, ban da Yazid.

"Kai kafinta ne, ka riƙe wannan. Iska ba ya tura rufi. Ɗaga shi yake yi. Yana gudu a kan kwano, yana tsotsarsa sama. Shekarar da na fara aiki na ga rufin aji uku ya tashi kamar zani a igiya. Shi ya sa na ɗaure nawa kamar ɓarawo. In hadari ya zo, ni dai ɗakina zan shiga in zauna."

Yazid ya kalli ƙasa. Tururuwa suna jan fiffiken fara zuwa raminsu.

Washegari ya je kasuwa. Shago ɗaya ya buɗe, ya samu waya, baƙa, ba ta kai waccan kauri ba amma za ta riƙe. Ya naɗe ta a buhu ya tura ƙarƙashin gadonsa. Aikin awa uku ne. Abin da yake buƙata kawai shi ne tsohon ya fita.

Tsohon ba ya fita. Ina zai je da waɗannan idanu? Yazid ya sa rai da Lahadi, sai ya tuna an ƙone cocin. Mutum ashirin da suka dawo, a falon Malam Zira suke taruwa. Lahadi uku yana zaune a zaurensu yana jin waƙarsu tana fitowa ta taga, mata da jarirai a baya, duk a ƙarƙashin wannan rufi. Idonsa a kan gabas har su watse.

Ya shirya ƙarya iri-iri. Zai ce ya ga gara a katako. Zai ce yana so ya ƙara ɗauri. Amma kunnen Malam Zira ya gaji idonsa. Zai ji wayar tana wucewa ta ramin bango, zai tambaya me ya sa ramin yake fanko. Sau biyu Yazid ya kai tuwo da maganar a bakinsa. Na farko ya tarar da baƙi. Na biyu tsohon ya kama hannunsa ya ce, "Uwarka ya haifi ɗa." Ya ajiye kwanon ya fito.

Gobe, ya ce a ransa. Ruwan farko ba ya zuwa da ƙarfi.

Ranar Alhamis yana kan rufin wani shago a bakin titi, yana murɗe wayar wani da filaya, iska ta ɗauke cak. Ko ganye ba ya motsi. Ya ɗaga kai. Hadari ya cinye duwatsun gabas gaba ɗaya, samansa fari kamar auduga, ƙasansa baƙi da wani kore-kore, irin na tsohon rauni. Cida tana gurnani ba ta yankewa. Sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Gindin hadarin, wani yanki da ya zazzago ƙasa, yana juyawa. A hankali, kamar ana tuƙa tuwo.

Ya diro daga rufin bai bi ta tsani ba. Ya bar guduma, ya bar takalmi ɗaya.

Ƙanƙara ta fara sauka yana cikin gudu, tana dukan kwanuka kamar harbi, mutane suka yi ta kwanciya a ƙasa don abin da kunnensu ya saba. Ya shawo kwanar layinsu. Daga can ƙarshe ya hango Malam Zira a ƙarƙashin dogon yaro, ya miƙe tsaye, fuska a sama, yana saurare. Sai ya ɗauki kujerarsa, ya laluba bango, ya nufi ƙofa. Ba ya sauri.

"Baba! Kada ka shiga!"

Shi kansa bai ji muryarsa ba. Ƙofar ta rufe.

Wutsiyar ta sauko ta bayan masallacin layi. Siririya ce da fari, fara-fara, tana lanƙwasa. Da ta taɓa ƙasa sai ta yi ja, ta yi kauri, kwanuka da rassa suna kewaya ta kamar tsuntsaye. Ƙararta kamar tirela goma a kan gada. Kunnuwansa suka toshe. Wani abu ya doke shi a kafaɗa ya faɗa cikin lambatu, ya riƙe bakin siminti, ya ɗaga kai.

Ya gani da idonsa. Rufin Malam Zira ya ɗaga daga baya, gaba ɗayansa, salin-alin, kamar an buɗe murfin akwati. Ya tsaya a tsaye a kan kusurwa ɗaya, inda wayoyi biyun nan suke. Ba su tsinke ba. Sun riƙe, rufin ya ja, suka finciko saman bangon suka zuba shi cikin ɗaki.

Kafin a ƙirga ashirin ta wuce. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ya juya ya kalli gidansu. Rufin Inna yana nan. Ko kwano ɗaya bai ɗaga ba.

Su shida suka tone shi da hannu. Yana zaune ne a kusurwar, a kan kujerarsa, bulo ya rufe shi har ƙirji. A baro aka tura shi zuwa titi.

Lidiya ta iso daga Yola ranar Juma'a. Mace ce mai jiki, malamar firamare, ba ta da yawan magana. Gidan ubanta babu wurin kwana, Inna ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakinta. A asibiti likita ya ce haƙarƙari huɗu da ƙugu sun karye, kuma akwai jini a ciki. Bai ƙara komai ba.

Ranar Asabar da hantsi tsohon ya farka sosai. Yazid yana tsaye a ƙarshen gado.

"Wa ke numfashi kamar saniya? F9 ne?"

"Ni ne, Baba. Ya jiki?"

"Bar jiki. Ka gan shi?"

"Na gani."

"Matso. Ya sako wutsiya?"

"Ya sako."

"Daga ina? Daga tsakiyar ruwan ko daga gefe?"

"Daga gefe. Inda babu ruwa. Gindin ya fara juyawa tukuna."

"Wane hannu?"

Yazid ya rasa yadda zai faɗa. Ya kama tafin tsohon, ya zana da yatsa, daga dama ya hau ya zagayo hagu.

"Haka littafi ya ce." Malam Zira ya yi murmushi, murmushin ya koma tari, Lidiya ta tallafe kansa. Da ya lafa ya ce, "Kin ga duniya, Lidiya? Ni na koyar da shi shekara talatin, ƙara kawai na samu. Wanda ya faɗi jarrabawa shi ya gani."

"Baba, ka daina magana. Na ce ka zauna a Yola. Gidan nan ya tsufa."

"Kada ki ga laifin gida. Yaron nan ya hau da kansa ya duba, waya duk suna nan. Abin da ya zo, ba waya zai riƙe shi ba."

Lidiya ba ta kalli Yazid ba. Tana gyara bakin zanin gado.

"Naku fa, Yazidu? Ɗakin Mamanka?"

"Yana nan."

"Kwano nawa ya tafi?"

"Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba."

Tsohon ya mayar da kansa kan matashi. A gadon kusa wani yana kiran nas, ƙuda yana yawo a bakin kofi.

"Haka yake yi," ya ce daga baya. "Ya ɗauki gida, ya bar na kusa da shi. An rubuta wannan ma."

"Baba, akwai maganar da nake so in…"

"Ajiye shi. Na gaji. Gobe ka zo ka gaya mini gabas."

Washegari Yazid ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar asibiti wurin mai lemo, ya kai ya komo, yana jera kalmomi. Ya fi rabin awa. Da ya shiga, ya tarar an naɗe katifar, Lidiya tana sa kofi da cokali a leda.

Ita ce ta ce ya yi akwatin gawar. Babu wani kafinta a layin. Ya ɗauki allunan teburin da tsohon yake duba takardun jarrabawa a kai, ya haɗa da ƙyauren ɗakin da bai karye ba. A tsakar gidan da babu rufi ya yi aikin, rana tana dukansa, littattafan da ruwa ya jiƙa suna shanye a kan bulo. Ya goge katakon har ya yi santsi. Ya buga ƙusa fiye da yadda ake buƙata, har wani dattijon coci ya dafa shi ya ce, "Ya isa, ɗana. Ba gudu zai yi ba."

Aka binne shi ranar Talata. Musulmin layi suka tsaya daga gefe, hannu a baya, har aka gama waƙa.

Ranar Laraba bayan azahar Inna ta tafi kai abinci gidan da ake karɓar gaisuwa. Yazid yana wanke filaya a bakin randa, ya ji an kira shi.

"Yazid. Shigo."

Lidiya tana zaune a kan tabarma a ɗakin Inna, ta miƙe ƙafafu, jakarta a ɗaure. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Anti, ga ni."

Ba ta dube shi ba. Sama take kallo.

"Ni na shafa musu fenti," ta ce. "Ina aji huɗu a firamare. Ragowar fentin makaranta ne. Ya ba ni tsohon burushin haƙori, ya ce duk inda na bari tsatsa zai shiga. Kwana biyu na yi. Mama ta yi ta faɗa don na ɓata yunifom." Ta nuna da haɓa. "Tun ranar da na zo na ƙirga. Goma sha biyu."

Yazid ya tashi ya fita. Ya dawo da buhu, ya zazzage shi a gabanta. Baƙar waya ta faɗo a naɗe, igiyar mai shago tana jikinta ba a kwance ba. Sai ya faɗa mata. Janairu, da labarin gawa a bakin mayo, da Gabdo, da tsani, da Lahadi uku. Bai yi kuka ba. Muryarsa ta fito a bushe kamar yana karanta wasiƙar wani.

Ta saurara har ya gama.

"Awa nawa aikin?"

"Uku."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Anti, ki gaya wa duk wanda kike so. Ko 'yan banga ne. Ba zan musa ba."

"An ɗauki isassun mutane a layin nan."

"Ki yafe…"

"Kada ka roƙe ni wannan. Ba yau ba. Ban san ranar ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ya sani?"

Lidiya ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Ranar Asabar, bayan ka tafi, ya tambaye ni. Ya ce, ɗakin da kike kwana, wayan rufinsa wane kala ne?" Ta ja numfashi. "Na ce baƙi ne. Irin na kasuwa. Ya ce to. Ya juya fuska bango."

Ta share ido da bayan hannu, sau ɗaya, da ƙarfi.

"Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Wannan kai ka sa ni."

"Zan kwance su yau."

"Ka kwance ka kai wa wa?" Yanzu ta dube shi. "Damina ya fara. Mamanka a nan take kwana. Ka bar su inda suke."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsallake baƙar wayar ba ta taɓa ta ba.

Bayan kwana tara hadari ya sake haɗowa da la'asar. Inna ta kwashe shanya, ta kora kaji, ta shiga ɗaki ta kwanta da carbi a hannu, kafin a jima barci ya ɗauke ta. Yazid ya zauna a bakin ƙofarta, bayansa a jikin bango. Ta zaure yana hango ƙetaren layi, inda ciyawa ta fara tsirowa a tsakanin bulo, da kujerar roba mai ƙafa uku da wani ya jingine a gindin dogon yaro.

Iska ta iso. Kwano ya kumbura, ya ja sama, katako ya yi ƙara. Wayoyin suka miƙe, kore shar a cikin duhun ɗaki. Ta kusa da kansa ta yi tin, siririyar murya, sannan ta kusa da ita ta amsa.

Inna ta juya a kan tabarma ta gyara mayafi, ba ta farka ba.